Ganyen tumatir ɗina na cikin kokofit yana yin rawaya tun da ya fara fure, me ke damunsa?

Tsohon Malami, Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai ta kama ni.

Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara biyu ke nan da na ajiye alli. Akwai fili a bayan gidana, ƙasar duk marmara ce, ko ciyawa sai ta yi da gaske take fitowa. Babban ɗana da ke aiki a Abuja shi ya matsa mini, wai Baba ai yanzu ba a jiran ƙasa, a cikin ɓawon kwakwa ake noma. Ya turo mini tubalan kokofit guda 24, irin masu kilo biyar-biyar ɗin nan da ake matsewa kamar bulo, an rubuta Indiya a jikin ledarsu. Muka kafa rumfa ta raga da leda, muka ɗora tankin roba mai cin lita 1000, muka ja siraran bututun ɗigo. Buhu 150 na cika, kowanne da tumatir ɗaya, irin mai hawa igiya.

Na yi reno a farkon Nuwamba, na yi dashe a makon farko na Disamba. Wata guda cur shukar nan tana sheƙi, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Yanzu muna tsakiyar Janairu, fure ya kai hawa na uku, 'ya'yan hawa na farko sun kai girman lemon tsami, sai abu ya fara lalacewa.

Ga abin da nake gani da idona. Ganyen ƙasa, wato tsofaffin, sun yi rawaya, amma ba duka ganyen ba. Jijiyoyin suna nan kore shar, tsakaninsu ne ya koɗe, in ka ɗaga shi a rana kamar ƙashin kifi. Abin yana hawowa sama a hankali, yanzu ya kai kusan gwiwata. Wasu ganyen bakinsu ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, in ka murza sai ya farfashe. Jiya na tsinci 'ya'ya goma sha ɗaya da gindinsu ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗora musu guga. Sannan a layin da ke can ƙarshe, sababbin ganyen saman kai sun yi fari-fari, su kuma daban da na ƙasan.

Abin da nake ba su: da farko NPK mai narkewa 20-20-20. Da fure ya fito mai shagon ya ce in koma 12-12-36, wai fotash ne ke kawo 'ya'ya. Ina ban ruwa sau biyu, safe da yamma, kamar rabin lita kowane buhu, ruwan rijiyar burtsatse. Ba na bari ya zubo ta ƙasan buhun, don ni a ganina asarar taki ce, ga kuɗin man janareto. Da na ga rawayar sai na ce yunwa ce, na ƙara yuriya gwangwanin madara ɗaya a tankin. Saman ya ƙara duhu da kauri, ƙasan kuwa ko gezau.

Don Allah masu sani a taimaka. Uwargida ta fara yi mini kallon nan na "ai na faɗa maka".

Ɗan Kura:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a dace. Mu nan Kadawa tun muna yara muke cikin tumatir, kuma abin da na koya shi ne kafin ka zargi taki ka fara juya ganyen ka duba bayansa. Ka fita da sassafe ka girgiza shukar. In ka ga wasu ƙananan fararen ƙudaje sun tashi, to su ne ke kawo cutar nan da ke sa ganyen sama ya ƙanƙance ya nannaɗe ya yi rawaya a baki, shukar ta tsaya cak, furen ya zube. Wannan ba ta da magani, cirewa ake yi a ƙone. In kuma ka ga ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa gari da wata siririyar saƙa, jan gizo-gizo ne, yana son bushewar iska irin ta yanzu. In ka ga fili fari a cikin ganyen kamar taga, da baƙin kashi a ciki, tsutsar nan ce da muke kira sharon, wadda ta gama da mu a 2016 har kwando ya gagari talaka.

Baƙin gindin kuwa mun san shi, yana zuwa ne in an bar gona ta bushe sannan aka kwarara mata ruwa. Ni dai da ni ne, toka zan barbaɗa, ita muke sa wa. Amma gaskiya Malam, wannan noman na ɓawon kwakwa ban yarda da shi ba. Ƙasa ko ba ka ba ta komai ba tana da abin da za ta ba shuka.

Tsohon Malami, Zariya:

Na gode ƙwarai ɗan'uwa. Na fita bayan sallar asuba da tocila da tabarau, na juya ganye ya fi hamsin. Babu ƙuda, babu saƙa, babu tagar sharon. Ganyen ma bai nannaɗe ba, a shimfiɗe yake, launin ne kawai. Tokar kuma akwai ta a madafi, amma bari in ji ta bakin wasu tukuna.

Maman Tattasai, Jos:

Baba don Allah kada ka sa tokar nan. A gonar Ɗan Kura za ta iya yin amfani, a buhunka kuwa ƙara wa wuta fetur ne, zan faɗi dalili.

Tambaya ɗaya tak: da tubalan suka zo, yaya ka yi da su kafin ka zuba a buhu? In amsar ita ce ka jiƙa su da ruwa suka kumbura ka cika buhu, to na san ciwon, don ni ma haka na yi a shekarata ta farko da tattasai, na yi kuka da hawayena.

Kokofit ba ƙasa ba ne, kuma ba fanko ba ne kamar yashi. Zarensa yana da wuraren da ke kama sinadarai su manne. Daga inda aka yo shi waɗannan wuraren cike suke da fotash da gishiri irin na miya, saboda bishiyar kwakwa mai shan fotash ce, kuma yawanci a bakin teku take. Da zarar ka zuba ruwan da ke da kalsiyam da magnisiyam, sai zaren ya cafke su ya saki fotash da gishirin da yake riƙe da su. Ka san sabuwar randa, sai ta sha ta ƙoshi kafin ta fara riƙe maka ruwa. Haka yake. Shi ya sa ake wanke shi, sannan a jiƙa shi a ruwan kalsiyam naitiret ya kwana kafin a yi dashe. Ni giram 2 nake sawa a kowace lita, in jiƙa sau biyu, in tsane. Akwai wanda ake sayarwa an riga an yi masa haka, ya fi tsada, kuma za ka ga an rubuta a jikin ledar. Na bulo mai arha galibi ba a yi masa ba.

To kai Baba ga kokofit mai fitar da fotash, ga taki mai fotash 36 da ka koma, kuma ka duba bayan ledar takin, zai yi wuya ka ga kalsiyam a ciki, magnisiyam ma in akwai ɗan kaɗan ne. Fotash in ya yi yawa yana tare wa magnisiyam da kalsiyam hanya a saiwa. Wannan zanen ƙashin kifin a tsohon ganye rashin magnisiyam ne, baƙin gindi kuma kalsiyam ne bai isa cikin ɗan ba. Toka ita ma fotash ce, ga ta da kaifi irin na kanwa, za ta ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa.

Ka nemo mitar EC, wato mai auna yawan gishiri da takin da suka narke a ruwa, da ta pH ko da aro ne. Ka auna ruwan burtsatsen shi kaɗai, ka auna na tanki, sannan ka zaɓi buhu uku ka ɗora su a kan faranti, ka yi ta zuba ruwa har ya zubo, ka auna abin da ya zubo. Ka kawo mana lambobin.

Tsohon Malami, Zariya:

Hajiya kamar kina wurin. A baho na jiƙa su suka kwana, da safe yara suka farfasa muka cika buhuna. Ruwan da ya fito ma ja ne kamar shayi, na ɗauka launin kwakwar ne kawai.

Na samo mita wajen wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a ɓangaren aikin gona a Samaru. Shi ya zo da kansa ya gwada, yana ta ce mini "Malam ai da ka kira ni tun farko". Yaron da na sha dukansa a kan jadawalin sau. Ga abin da muka samu:

Ruwan burtsatse: EC 0.4, pH 7.4
Ruwan tanki da taki: EC 2.3, pH 6.9
Wanda ya zubo daga buhu uku: EC 5.6, 6.1 da 5.9

Da muka ɗaga bututun ɗigon muka ga wani farin ɓawo a saman kokofit ɗin kamar kanwa ta tsatso. Mun zare shuka ɗaya daga buhu don mu ga saiwar. Fara ce, ba wari, amma ta taru a wuri ɗaya ƙarƙashin inda ruwa ke ɗiga, gefen buhun kuwa a bushe ƙamas.

Mai Ɗigo, Kaduna:

Baba sannu da ƙoƙari. Lambobin nan sun gama magana. Aikina ke nan, haɗa ban ruwa da taki a rumfuna, bari in ɗora a kan abin da Hajiya ta faɗa.

Da farko yadda ake karanta ganye, don gobe. Tambayar farko kullum ita ce a ina abin ya fara, ƙasa ko sama. Naitirojin, fosfaras, fotash da magnisiyam shuka tana iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo da 'ya'ya, don haka rashinsu a ƙasa yake fara nunawa. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe kuwa inda suka sauka nan suke zama, rashinsu a sabon tsiro ake gani. Da rashin naitirojin ne, da ganyen gaba ɗayansa zai koɗe har da jijiyoyin. Naka jijiya kore ce, shi ya sa yuriya ba ta yi komai ba. Ta ma ƙara ɓata lamarin, don tana juyewa ta zama amoniyam, shi ma yana gasa da kalsiyam a bakin saiwa, ga shi ta sa ganye ya yi ta tofo yana janye ruwan da ya kamata ya je ga 'ya'ya. A cire ta daga lissafi.

Dalilin da ya sa sai yanzu abin ya fito: wata na farko shukar ƙarama ce, ɗan abin da ke cikin ruwan burtsatse yana isarta. Da ta ɗauki 'ya'ya buƙata ta ninka, a daidai lokacin kuma ka ƙara fotash.

Fari-farin da ke saman layin ƙarshe rashin sinadarin ƙarfe ne. Yana cikin takinka, amma a pH 6.9 ba ya shiga saiwa yadda ya kamata. Kokofit yana son 5.8 zuwa 6.2. Yawancin takin nan ƙarfensu irin wanda ake kira EDTA ne, wanda ke sakin ƙarfen in pH ya haura 6.5. In ka saukar da pH zai gyaru da kansa. In ya ƙi, ka nemi na EDDHA, jan gari ne mai rina ruwa kamar zoɓo.

Amma babbar matsalar ita ce EC 6 ɗin nan. Abin da ya zubo bai kamata ya ɗara abin da ka zuba da fiye da 1 ba, ko 1.5 in an matsa. Kullum kana zuba taki, shuka tana shan ruwan, iskar hunturu tana busar da saura, gishirin yana taruwa babu hanyar fita. Ƙunar bakin ganyen daga nan take. Kuma kalsiyam a cikin ruwa yake tafiya zuwa ɗan tumatir, in saiwa tana fama da gishiri, buhu kuma yana bushewa daga safe har yamma, gindin ɗan shi ne na ƙarshe a layi, shi ke rasawa. A nan maganar Ɗan Kura gaskiya ce, bushewa da kwarara ke kawo shi.

Abin yi. Ka wanke buhunan, amma ba da ruwa zalla ba. Ka haɗa ruwa mai rauni, EC kamar 1.2, da kalsiyam naitiret da gishirin Epsom (shi ne mai magnisiyam) kawai, pH 6, ka yi ta ba su da rana har abin da ke zubowa ya sauko kusa da 3. Zai ci tanki fiye da ɗaya, ka daure. Daga nan a kowace lita 1000 ka sa kalsiyam naitiret giram 800, gishirin Epsom giram 500, takinka na 12-12-36 giram 700. Ka auna, zai faɗo wajajen 2.3 zuwa 2.6. Ka saukar da pH da asid na fosforik kaɗan-kaɗan da sirinji, kana motsawa kana aunawa, asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa, kuma ka sa safar hannu. Ruwan lemon tsami yana saukarwa amma kafin gobe ya koma.

Ban ruwa kuma ka raba shi sau biyar ko shida, daga hantsi zuwa la'asar, kuma ka bari kamar kashi ɗaya cikin biyar ya zubo ta ƙasa kullum. Na san zai yi maka ciwo a rai. Ka tara shi ka ba wa mangwaro ko zogale.

Don saurin taimako ka fesa Epsom a ganye, giram 10 a lita, da yamma in rana ta yi sanyi. Fesa kalsiyam a ganye kuwa ni ban ga yana hana baƙin gindi sosai ba, don ba ya tashi daga ganye ya koma cikin ɗa. Wanda ya riga ya yi baƙi ka tsinke shi.

Maman Tattasai, Jos:

Na yarda da duka. Ganyen ƙasa kuma ni ba zan hana Baba cire shi ba, amma kada ya yi masa aski rana ɗaya. Biyu ko uku a mako, waɗanda suka mutu sosai. Mai rabin kore yana nan yana aiki. Kuma Baba, wani zai zo ya ce ka daka ɓawon ƙwai ka zuba. Kafin ya narke an gama cin tumatir ɗin.

Tsohon Malami, Zariya:

Jama'a na yi ɓarna, ku yi dariya na yafe. Na samo kalsiyam naitiret da Epsom, na auna su daidai a sikelin uwargida na fulawa. Don in rage wahala sai na juye su duka uku, har da NPK ɗin, a bokiti ɗaya, na zuba ruwa kaɗan na dama da muciya. Nan take ya yi fari ya yi kauri kamar kunun gyaɗa. Na ce ƙila haka yake, na juye a tanki. Washegari rabin bututun ba sa ɗiga, na buɗe matatar na tarar da ita cike da wani abu kamar alli. Yini guda ni da jikana muna tsokace ramuka da allura.

Mai Ɗigo, Kaduna:

Kai, Baba, laifina ne da ban faɗa ba, a gafarce ni. Kalsiyam in ya haɗu da salfet na Epsom ko fosfet na NPK a ruwa kaɗan, dunƙulewa suke su zama abin da ba ya narkewa. Allin da ka gani jifsam ne, ɗan'uwan abin da ake yin silin na POP da shi, kuma duk kalsiyam ɗin da ya shiga cikinsa shuka ba za ta same shi ba. Shi ya sa a manyan rumfuna ake da tanki A da tanki B. Kai bokiti biyu za ka ware, ka rubuta musu suna. Ka cika tanki ya kusa baki, ka narkar da NPK da Epsom a bokiti ɗaya ka zuba ka motsa sosai, sannan ka narkar da kalsiyam a ɗayan ka zuba a ƙarshe. A cikin lita 1000 ba sa faɗa. Ka zubar da na tankin, ka buɗe ƙarshen kowane layi ka kora ruwa.

Ɗan Kura:

Malam ka ga abin da nake faɗa ko? Mu taki muke watsawa mu tafi sallar azahar. Amma na ƙaru, wallahi ban taɓa sanin ƙasa da sama na ganye suna da bambancin magana ba. Akwai wani gefe a gonata mai yashi da ke yin irin wannan ƙashin kifin duk shekara, ina ta ɗura masa yuriya. Bana zan gwada gishirin nan in gani.

Tsohon Malami, Zariya:

Yau kwana goma sha shida da wanke buhuna, na ce bari in kawo rahoto kamar yadda nake sa ɗalibai su yi.

Wankin ya ci tanki biyu da rabi a kwana uku. Yanzu ina zuba EC 2.4, pH 6.0, abin da ke zubowa yana tsakanin 3.1 da 3.4. Na sayi mitar kaina, na ware buhu uku a kan faranti, kowace safiya ina aunawa ina rubutawa a tsohuwar rajistar aji. Rawayar ta tsaya a inda take, ba ta ƙara hawa ba. Tsofaffin ganyen da suka koɗe ba su dawo ba, na zaci za su dawo, na yi ta leƙa su kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, sai ɗalibina ya ce in daina, sabon tsiro ake kallo. Sabon kuwa kore ne, har na layin ƙarshe, ban ma sayi jan garin ba. 'Ya'yan da na tsinke saboda baƙin gindi sun kai saba'in da huɗu, kusan duka daga hawa na farko da na biyu. A hawa na uku zuwa yanzu guda biyu kawai na gani.

Ruwan da ke zubowa ina tara shi a jarka, uwargida ta karɓe shi don alayyafonta, kuma ta daina kallon.

Hajiya, saura tambaya biyu. Zafi yana tafe, na ji an ce fure yana zubewa in rumfa ta wuce digiri 35, kuma tawa leda ce a sama. In ƙara yawan ban ruwa ne in rage ƙarfin takin, ko in nemi raga mai inuwa tun yanzu? Sannan in an gama wannan zangon, kokofit ɗin nan da ya riga ya ƙoshi da kalsiyam ɗina, zan iya sake dasa wani abu a cikinsa, ko sai na sayi sabo?